Daga Gemun Auduga Zuwa Rigar Spider-Man: Yadda Ake Haɗa Kayan Jarumai Da Kuɗi Kaɗan

Daga wakilinmu a Lafiya

Idan Salla ta gabato, ko Kirsimeti, ko ranar da makarantu ke yin wasannin ƙarshen shekara, akwai wani roƙo da iyaye da yawa a ƙasar Lafiya suka fara sabawa da ji daga bakin 'ya'yansu, wanda su ba su taɓa yi wa nasu iyayen ba. Yaro ba kaftani yake so ba, ba kuwa hular Zanna ba. So yake a saya masa rigar Spider-Man, ko ta Batman, ko kuwa jar alkyabbar nan ta Superman. Abin bai tsaya a cikin birni ba. Har a garuruwan manoma irin su Arikya, duk inda wayar hannu ta kai, to waɗannan jarumai na labaran zane sun kai, domin yaron da bai taɓa riƙe littafin zane ba ya riga ya gan su a wayar yayansa ko a gidan kallo.

Nan ne uba yake shiga tsaka mai wuya. Rigunan da ake shigowa da su, galibi daga ƙasar Sin, ba su da araha ga mutumin da kuɗi ke shigo masa sau ɗaya ko sau biyu a shekara, in ya sayar da doya ko riɗi. Bugu da ƙari, yawancinsu da yadin roba marar kauri aka ɗinka su. Wanki biyu ko uku sai launi ya koɗe, hammata ta ɓarke, kafin shekara ta zagayo kuma yaron ya fi ƙarfin rigar. In uban ya saya ya yi asara, in ya ƙi ya kwana da kukan yaro. Amma fa akwai hanya ta uku, kuma ba daga waje za a aro ta ba. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin yadda ake mai da yaro wani mutum dabam ba tare da an kashe ko sisi ba. Sunan wannan sana'a tashe, kuma abin takaici shi ne tana neman suɓucewa daga hannunmu daidai lokacin da duniya ta ɗauki irinta da daraja.

Inda Abin Ya Samo Asali

Kafin a zo kan tashe, ya kamata mai karatu ya san tushen wannan sabuwar ɗabi'a ta yin shigar jaruman zane. Superman ya fara fitowa a Amurka a shekarar 1938, Batman a 1939, Spider-Man kuwa sai a 1962. A watan Yuli na 1939 aka yi wani babban taro na masu sha'awar labaran ƙirƙirar kimiyya a birnin New York, inda wani saurayi, Forrest Ackerman, da wata mace mai suna Myrtle Douglas suka iso sanye da tufafin mutanen zamani mai zuwa. Ita Myrtle ɗin ce ta ɗinka kayan duka biyun da hannunta. Daga nan al'adar ta bi tarurruka tana yaɗuwa, har ta haye zuwa Japan, inda aka buɗe kasuwar labaran zane ta Comiket a Tokyo a 1975. A farkon shekarun 1980 wani marubucin Japan, Nobuyuki Takahashi, ya raɗa wa abin suna kosupure, watau wasa da sutura, wanda masu Turanci suke kira cosplay. Mu sai mu ce shigar kwaikwayo.

Tun daga 2003 ake yin taron duniya na wannan wasa a birnin Nagoya, kuma akwai sharaɗi guda a gasarsa da ya dace a lura da shi: dole kayan da mai gasa ya sa su zama aikin hannu ne. Watau ko a can inda kuɗi yake, wanda ya shiga kanti ya sayo ba shi ne gwani ba. Kai, hatta a cikin labarin Spider-Man na farko, yaron nan Peter Parker ɗan makaranta ne marar abin hannu, kuma shi ya haɗa rigarsa da kansa a ɗakinsa.

A nan Nijeriya an fara taron Lagos Comic Con a Ikko a 2012, kuma a cikinsa akan yi gasar shigar kwaikwayo. Amma daga Ikko zuwa Arikya akwai tafiya, a hanya da a aljihu.

Tashe, Makarantar Da Ba Ta Da Malami

Da azumi ya kai kwana goma, bayan an sha ruwa, yara kan fito rukuni-rukuni suna bin gidaje da kasuwanni suna tashe. Mutane sun fi tuna waƙoƙin da rahar, amma duk wanda ya taɓa yi ya san rabin aikin tun da rana ake gama shi, a zaure ko a bayan gida, wajen haɗa kaya.

A wasan Tsoho da Gemu, auduga ake samu a liƙa wa yaro a haɓa, a ba shi tsohuwar riga da sanda, ya duƙa yana tafiya da kyar. Mai kwaikwayon malami kan ari babbar rigar da ta fi ƙarfinsa, ya naɗa tsumma a matsayin rawani, ya rungumi allo da buzu. Jatau Mai Magani kan rataya ƙulle-ƙullen saiwoyi da ɓawon itace da layun ƙarya. Ɗanda kuwa dokinsa na kara ne, da linzamin igiya. In ana son tumbi sai a cusa tsummoki a ciki a ɗaure. In ana son furfura ga toka. In ana son fuska ta canza ga farar ƙasa, ga gawayi, ga baƙin tukunya. 'Yan mata ma da nasu, irin su Samodara da wasan Mairama da Daudu, inda yarinya kan sa kayan maza ta fito a matsayin mai gida. A Kano har sarauta aka yi wa abin, domin Nalako shi ne shugaban tashen gwauraye, wanda akan rataya wa wanda aka kama tarkace iri-iri a zaga da shi gari. Malam Muhammadu Balarabe Umar ya tattara da yawa daga cikin waɗannan a littafinsa Wasannin Tashe.

Abin lura a nan shi ne hikimar da ke cikin wannan aiki. Yaran tashe ba sa ƙoƙarin kwaikwayon komai da komai na mutumin da suke nufi. Alama biyu ko uku suke zaɓa, waɗanda da an gan su an gane. Gemu da sanda sun isa tsoho. Allo da rawani sun isa malami. Sauran aikin na jiki ne da murya. Manyan 'yan wasanmu ma a kan wannan ƙa'ida suka tafi. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, da kakinsa da gashin bakinsa da irin Hausarsa ta bariki ya zama Samanja Mazan Fama a idon Arewa duka. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, sau da yawa hula ɗaya da ɗamammiyar riga sun ishe shi ya zama wani mutum.

Wannan sana'a ta tashe ta yi tafiya mai nisa. A birnin Wagadugu na Burkina Faso akwai wasan da ake kira Dodo, wanda yara ke yi a dararen azumi, kuma masu bincike sun danganta shigowarsa da fataken Hausawa na ƙarni na 19. Yaran can suna sassaƙa fuskokin dabbobi da ƙwarya, su yi musu fenti, su ƙara da kwali da gwangwani da duk abin da suka tsinta. Abin ya bunƙasa har aka riƙa shirya masa gasa tsakanin unguwanni. Mu da muka kai musu, ga shi namu yana ja da baya: talabijin da waya sun kwashe yara daga dandali, kuma a Kano 'yan sanda sun dakatar da tashe a wasu shekaru, ciki har da 2023 da 2024, saboda ɓata-gari da ke fakewa da shi suna ƙwacen wayoyi da faɗan daba.

Riga Tukuna

To, yanzu bari mu ɗauki ƙa'idar tashe mu ɗora ta a kan jaruman zane. Tambaya ta farko ita ce: mene ne gemun audugar wannan jarumi? Ga Superman, shuɗiyar riga ce, da alamar ƙirji, da jar alkyabba. Ga Batman, baƙaƙen kaya da kunnuwa biyu masu tsini da hoton jemage. Ga Naruto, yaron nan na labaran Japan wanda ya fara fitowa a 1999, riga ce mai ruwan lemo da ƙyallen goshi mai ɗan faifan ƙarfe. In an sami waɗannan, an gama da kashi mafi girma.

Tushen aikin riga ce ta gwanjo mai launi ɗaya, wadda ba ta da rubutu a gaba. Ana samun irinta a tarin gwanjo na kowace babbar kasuwa, daga Lafiya har Ƙofar Wambai a Kano. A zaɓi ta auduga, ba ta roba ba, domin auduga ta fi shan fenti, ta fi sanyi a jiki, kuma akwai wani dalili mafi muhimmanci da za mu zo kansa. In ba a sami launin da ake so ba, a sayi fara a rina ta da galura a gida, a zuba gishiri a ruwan rinin, a ɗauraye sosai har ruwa ya fito fari kafin yaro ya sa.

Alamar ƙirji hanya biyu ake bi a yi ta. Ta farko ita ce ta kwali mai huda. A zana alamar a kan kwali mai ƙwari, babba ya yanke cikinta da reza, a shimfiɗa rigar a kan tebur, a zura wani kwalin a cikinta don kada fenti ya ratsa zuwa baya. Sai a ɗora mai hudar a kai, a danne gefensa da duwatsu, a tsoma guntun soson katifa a fenti, a matse shi, a riƙa dangwalawa daga sama. Dangwalawa fa, ba shafawa ba, domin in aka shafa fentin zai kutsa ƙarƙashin kwalin ya ɓata gefe. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, wanda yakan tsattsage in ya bushe. Fentin da ya dace shi ne na yadi, irin wanda masu buga rigunan makaranta da na 'yan siyasa suke aiki da shi; mutum na iya sayen ɗan kaɗan a hannunsu. In ya kwana ya bushe, sai a juya rigar a goge ta daga ciki don fentin ya kama.

Hanya ta biyu ta fi ƙarko, kuma a ganina ta fi kyau. A je wurin tela a roƙi ƙyallayen da suka rage, a yanka alamar da ƙyalle, a ɗora a bi gefenta da keke. Telan da ya iya aikin wuyan kaftani ba zai ɗauki wannan a bakin komai ba. Alamar Superman ƙyalle biyu ce, rawaya a ƙasa, ja a sama. Jemagen Batman ƙyalle ɗaya ne baƙi a kan rawaya.

Rigar Spider-Man ita ce mai wahala, kuma ita yara suka fi nema. Dabarar ita ce a sami riguna biyu, ja da shuɗiya, masu girma ɗaya kuma masu dogon hannu. Tela ya farke su, ya bar ja a ƙirji da kafaɗu, ya sa shuɗi a gefe da gefe da ƙarƙashin hannu. Ragowar ba ta zama asara ba: in aka haɗa ta aka juya launin, ƙanen yaron ma ya sami tasa. Saƙar gizon kuwa da baƙin alƙalamin nan mai kaurin baki wanda ba ya wankewa ake zana ta. A fara da alli tukuna. A ja layuka daga tsakiyar ƙirji zuwa waje kamar wayoyin ƙafar keke, sa'an nan a haɗa su da gajerun layuka masu ɗan lanƙwasa. Yaron da ya taɓa tsayawa ya kalli yanar gizo a lungun rumbu ba ya bukatar a koya masa wannan, kuma ya kamata a bar shi ya zana da kansa, ko da layin zai karkace.

Alkyabba ba ta da wani aiki. Yadi guda ya ishi yaro ɗan shekara bakwai ko takwas, tsohon mayafi ko zanen gado ma ya wadatar. Tsawonta kada ya wuce gwiwa.

Fuska, Sulke Da Garkuwa

A nan ne kwali yake sarauta. Kwalin taliya ko na sabulu da mai kanti zai jefar ya isa a yi kwalkwali da garkuwa da farantin ƙirji. Ga wanda yake son fuska mai siffa sosai, akwai tsohuwar dabarar takarda da sitaci da ake koyarwa a darasin aikin hannu na firamare. A dama sitacin rogo kamar za a sa wa wanki, amma ya fi kauri. A yayyaga tsofaffin jaridu ko takardar buhun siminti da aka kakkaɓe, a riƙa tsomawa ana liƙawa a bayan ƙwarya da aka shafa wa mai, ko a kan balan-balan da aka hura. Shafi huɗu ko biyar, a bar kowane ya sha iska kafin a ƙara wani. Rogo kuwa ba abin nema ba ne a Jihar Nasarawa. Da rani abin kan bushe cikin yini biyu. Da damina sai an yi haƙuri, in ba haka ba ya yi fumfuna. In ya bushe yakan yi tauri kamar ƙoƙo, a yanke idanu da baki, a yi masa fenti.

Fararen idanun Spider-Man, waɗanda ke ba mutane mamaki yadda mai sanye da su yake gani, ba wani sirri ba ne. Guntun farin yadi ne mai raga-raga, irin wanda teloli ke sa wa rigunan amare. Daga ciki ana gani, daga waje ba a ganin ido. Kada dai a yanko daga gidan sauron da aka sa wa magani.

Masu shigar kwaikwayo na ƙasashen waje da wani irin soson roba mai tauri suke yin sulke, wanda suke gasawa da zafi su lanƙwasa. Irin wannan robar ce ake yin silifa da ita, kuma masu haɗa takalma suna sayar da ita falle-falle, suna kuma zubar da guntayenta. Tsohon tib na babur yana ba da ɗamara da safar hannu. Murfin kwalba yana zama maɓallin na'ura, takardar azurfa ta cikin kwalin shayi tana zama ƙarfe. Faifan goshin Naruto dai guntun kwali ne da aka lulluɓe da wannan takarda. Ya fi gwangwani, wanda bakinsa ke yanka.

Kada wani ya raina irin wannan tarkace. A 2019 wasu samari a Kaduna masu kiran kansu Critics Company sun yi suna a duniya saboda gajerun finafinan ƙirƙirar kimiyya da suka riƙa ɗauka da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle da suka rataya a bango.

Abin Da Ba A Wasa Da Shi

Arha tana da nata haɗari, kuma wajibi ne iyaye su sa ido a kan abubuwa kaɗan. Na farko wuta. Yadin roba in ya kama wuta narkewa yake yi ya manne a fata, ga shi kuwa gidajenmu da murhu a tsakar gida, da fitilar kwai, da mai tuyar ƙosai a bakin hanya. Yaro mai alkyabba yana gudu bai san inda bayansa yake ba. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa aka ce a zaɓi auduga, a kuma gajarta alkyabba. Gemun auduga ma ba a kusantar da shi ga wuta.

Na biyu wuya. Kada a ɗaure alkyabba da igiya a maƙogwaro. A ɗinka ta a kafaɗun rigar da zare marar ƙarfi, ko a sa maɓalli mai ɓallewa, yadda in ta sarƙe a reshe ko a ƙafar babur za ta cire da kanta. Na uku fata da numfashi: fentin mota da na gini, da baƙin cikin batir, ba a shafa su a fuska, gam mai ƙarfin wari a waje ake aiki da shi, kuma babba ne zai riƙe, leda ba ta zama abin rufe fuska ko da an huda ta. Haka kuma ya kamata a zaunar da ƙananan yara a gaya musu da babbar murya cewa rigar ba ta sa mutum ya tashi sama, domin katanga da bishiyar mangwaro ba su san Superman ba.

Na ƙarshe ya shafi zamanin da muke ciki. Doka ba ta yarda farar hula ya sa kakin soja ba, kuma rundunar soja ta sha yin gargaɗi a kan haka. Saurayin da ya rufe fuska da dare, ya riƙe bindigar katako da aka yi wa baƙin fenti, yana iya gamuwa da 'yan sintiri waɗanda ba za su tsaya tambaya ba. Abin da ya faru da tashe a Kano ya isa ishara. Rufe fuska a bar shi a filin makaranta da tsakar gida da rana, makamin wasa kuma a yi masa launin da kowa zai gane na wasa ne.

Gizon Wa Za A Ɗinka?

Saura magana ɗaya, wadda ta shafi teloli da masu buga riguna. Wanda ya ɗinka wa ɗansa rigar Batman ba wanda zai kula shi. Amma waɗannan jarumai dukiyar kamfanoni ne, Spider-Man da Black Panther na Marvel, Superman da Batman na DC, kuma Nijeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023. Wanda ya ce zai kafa sana'a a kan buga alamunsu ɗari-ɗari yana sayarwa, a kan filin wani yake gini. Ko ba don doka ba ma, ba zai iya karawa da masana'antun Sin a farashi ba. Masaƙun Kaduna da suka fi shi ƙarfi, irin su KTL da aka kafa a 1957, sun durƙushe a gaban yadin waje.

Inda telan Lafiya yake da rinjaye shi ne abin da Sin ba ta ɗinkawa. Muna da Gizo tun kafin a haifi waɗanda suka zana Spider-Man, da matarsa Ƙoƙi, da Botorami. Muna da Bayajida da Daurama, da Gandoki na Bello Kagara, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Muna ma da labarin sararin samaniya, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito tun 1969. Littattafan suna da masu su, amma mutanen tatsuniya da na tarihi na kowa ne, ba mai neman izini kafin ya ɗinka rigar Gizo. Wasu sun riga sun gane darajar wannan taska. Roye Okupe ya gina jarumarsa Malika a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. Ruth Carter, wadda ta tsara suturar fim ɗin Black Panther na 2018 har ta ci kyautar Oscar a 2019, daga tufafin Afirka ta ɗebo, ciki har da na Buzaye, maƙwabtanmu.

Gaskiya ne ba a tilasta wa yaro jarumi. In Spider-Man yake so, a yi masa Spider-Man. Hannun da ya koyi yanka kwali a kan wannan shi ne zai yanka na wancan gobe. Amma malaman firamare da na Islamiyya da shugabannin matasa na coci, waɗanda su ne ke shirya wasannin ƙarshen shekara a garuruwa irin su Arikya, suna da damar da ba kowa ke da ita ba. Su suke zaɓen wasan, su kuma suke iya sa sharaɗin nan na Nagoya, cewa kayan da aka saya a kanti ba sa cin kyauta. Wannan sharaɗi kaɗai ya isa ya daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan manomi a fili ɗaya. Ƙasar Nasarawa kuma, da Eggon da Alago da Gwandara da Migili da sauran ƙabilunta, ba baƙuwa ba ce ga aikin kaba da rama da ƙwarya a bukukuwa, ko da yake kayan dodannin gargajiya suna da hurumi a wurin masu su, ba abin da yara za su kwaikwaya don raha ba ne.

Ga wanda yake son gwadawa, mayaƙin Zazzau ya fi Batman sauƙin haɗawa. Duk wanda ya taɓa kallon hawan Salla ya ga 'yan lifida da 'yan sulke. Lifidi ba kome ba ne illa yadi biyu da aka cusa wa audugar rimi a tsakani aka bi da ɗinki gida-gida. Tela zai yi na yaro da ragowar atamfa masu launi dabam-dabam da siririn soso. Sulke kuwa, buhun albasa mai raga in aka rina shi ruwan toka, daga nesa ba mai cewa ba zoben ƙarfe ba ne. Kwalkwali ƙoƙo ne da aka kifa, aka huda samansa aka soka gashin zakara. Garkuwa tsohon faifai, mashi karan dawa mai kan kwali, doki kuma Ɗanda ya riga ya nuna yadda ake yi. Sai dai a kai wa tela aikin da wuri, tun kafin azumi ya raba tsakiya, domin daga nan ɗinkin Salla ya rufe shi, ba zai saurari mai rigar Gizo ba.